Baƙar beyar a kwarin Cades Cove: tambayoyin da baƙi ke yi mini kafin mu kama hanya

Da zarar an shiga watan Mayu wayata ba ta hutawa. Ɗalibanmu da suka zo karatu, iyaye da suka zo ganin jika, abokai daga wasu jihohi, kowa so yake a kai shi tsaunukan Great Smoky ya ga beyar da idonsa. Ina zaune a gabashin jihar Tenesi ta Amurka, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba zuwa gandun dajin da ke tsaunukan, don haka rakiyar takan faɗo kaina. Tambayoyin da ake yi mini a mota kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tattara su a nan, domin wanda zai je ba tare da ɗan rakiya ba ya san abin da ke gabansa.

Wace irin dabba ce beyar? Ai ba mu da ita a gida.

Babu ita a dazuzzukanmu, shi ya sa ko sunan ma aro muka yi. Masu karatun Larabci sun san ta da dubbu. Wadda ake magana a kai a nan ita ce baƙar beyar ta Arewacin Amurka, wadda ake samu tun daga Alaska da Kanada har zuwa Meziko. Jikinta a murɗe yake, gashi baƙi ƙirin, dogon baki mai ruwan ƙasa, guntuwar wutsiya, da farata masu lanƙwasa da take hawa bishiya da su kamar kyanwa. A tsakiyar shekara namiji yakan kai kilo 110, mace kuma ta ɗan haura kilo 45. Kafin sanyi ya shigo nauyin kan iya ninkawa, kuma an taɓa auna wanda ya wuce kilo 270 a cikin gandun.

Mutane kan zaci maciyar nama ce kamar zaki ko kura. Kusan kashi 85 cikin 100 na abincinta tsirrai ne: ɗanyar ciyawa, ƙananan 'ya'yan itatuwan daji, da ƙwallon itacen oak da ke zuba a Satumba da Oktoba. Ragowar kuma tururuwa ce da tsutsa da mushe. Amma tana gudun da ya kai kilomita 48 a awa ɗaya, tana iyo, tana bambance launi, hancinta kuwa ya fi na kare nesa ba kusa ba. Wannan hancin ku riƙe shi a rai, don yawancin abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Ina ne Cades Cove, kuma me ya sa can ake zuwa?

Wani faffaɗan kwari ne da tsaunuka suka yi wa zobe, a ɓangaren Tenesi na gandun dajin ƙasa na Great Smoky Mountains, wanda ke kan iyakar Tenesi da Karolina ta Arewa. Garin da ya fi kusa shi ne Townsend, daga Gatlinburg kuma tafiyar wajen awa ɗaya ce. A da ƙabilar Ceroki ke farauta a wurin. Wajen 1820 Turawa manoma suka fara zama, suka sare daji suka yi gonaki. Da aka kafa gandun a 1934 sai gwamnati ta karɓi filayen, mutanen suka tashi, da yawansu ba da son ransu ba. Abin da suka bari yana nan: gidajen katako, coci uku da maƙabartunsu, da injin niƙan masara da ruwa ke juyawa.

Hukumar gandun ta bar tsofaffin gonakin a buɗe ba ta bari daji ya cinye su ba. Shi ya sa ake hango dabba daga nesa, barewa da talotalon daji da beyar, abin da ba ya yiwuwa a cikin duhun itatuwa. Titi ɗaya ne ya zagaye kwarin, tsawonsa mil 11, wato kusan kilomita 18, kuma hannu ɗaya ake bi, babu juyowa. Ba a biyan kuɗin shiga, amma tun watan Maris na 2023 sai mutum ya sayi takardar ajiye mota idan zai tsaya fiye da minti 15.

Tabbas zan gan ta idan na je?

Ba wanda zai yi maka wannan alƙawarin, ba gidan zoo ba ne. Amma damar tana da yawa. Ƙiyasin hukumar shi ne akwai beyar kusan 1,900 a gandun, wato wajen biyu a kowane murabba'in mil, kuma an hana farauta a ciki. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, da zarar an buɗe ƙofar titin da fitowar rana, ko kuma da yamma liƙis. A Yuli suna bin 'ya'yan ƙaya a gefen gonaki. A Agusta ku riƙa ɗaga kai sama, don itatuwan ceri na daji sun nuna, kuma za ka ga dabba mai nauyin buhun masara ta hau can ƙarshen reshe tana janyo ganye da hannu tana tsinka da leɓe.

Sau da yawa ba kai za ka fara gani ba, cunkoson motoci ne zai gaya maka. Gandun nan ya fi kowane gandun ƙasa a Amurka baƙi, sama da miliyan 12 a 2024, a 2021 ma ya haura miliyan 14. Idan beyar ta fito bakin titi sai kowa ya taka birki, zagayen da ya kamata a yi a awa biyu ya koma awa huɗu. Idan za ka tsaya, ka nemi wurin da aka tanada ka sauka daga kan titi gaba ɗaya. Daga Mayu zuwa Satumba ana hana motoci shiga ranar Laraba, sai masu keke da masu tafiya a ƙasa.

Ina ne iyakar kusantar da aka yarda?

Yadi 50, wato kimanin mita 46, kusan rabin tsawon filin ƙwallo. Doka ce ta tarayya, ba shawara ba. Wanda ya matsa kusa da haka da gangan, ko ya tsaya a nisan da ya sa dabbar ta bar abin da take yi, ya yi laifi, kuma hukuncin kan iya kaiwa tarar dala 5,000 da ɗaurin wata shida. Ga wanda ke zaune da bizar karatu ko ta ziyara, shiga kotun tarayya ba ƙaramin abu ba ne.

Ba wanda ke yawo da ma'auni, amma ido ba mudu ba ne ya san kima. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya. Idan yatsan bai rufe dabbar duka ba, ka yi kusa. Hoto kuma a ɗauka daga inda ake tsaye ko daga cikin mota. Wanda ke son gani da kyau ya taho da madubin hangen nesa.

Idan na jefa mata ɗan abinci fa? Ai ciyar da dabba sadaka ce.

Wannan tambayar ta fi kowace damuna, domin daga zuciya mai kyau take fitowa. Mun tashi muna ganin iyayenmu na watsa wa tantabaru gero, suna ajiye wa mage sauran tuwo, ana gaya mana akwai lada. Haka ne kuwa. Amma a wannan wurin abincin da ka miƙa shi ne ajalin dabbar.

Wata safiya cikin Agusta na kai gwaggona da ta zo daga gida. Muna cikin layin motoci sai ga wata matashiyar beyar ta sauko daga bishiya ta tsallaka titi, tazarar mota uku daga gabanmu, gashinta duk raɓa. Ban ankara ba Gwaggo ta buɗe jaka ta ciro ƙullin cincin tana neman maɓallin gilashi. Na ce, "Gwaggo, don Allah ku mayar da shi." Ta ce, "Haba ɗan nan, baiwar Allah ce fa, ba ka ga yadda ta rame ba?" Sai da na tsaya na yi mata bayanin da zan yi muku yanzu, ta yi shiru, ta ƙulle ledarta, ta ce Allah ya ciyar da ita daga inda ya saba ciyar da ita.

Beyar da aka haifa a daji tana tsoron mutum, kuma wannan tsoron shi ne garkuwarta. Ran da ta ɗanɗani abincin mutum, ta ji maiƙo da zaƙin da sai ta wuni tana tono ba ta samu kwatankwacinsa ba, ba ta mantawa. Gobe za ta dawo bakin titi. Jibi za ta daina jiran dare, ta fito da rana tsaka. Daga nan ta fara tunkarar mutane, ta ɗora hannu a gilashin mota, ta fizge jakar yaro. Jami'an gandun sukan yi ƙoƙarin mayar mata da tsoro: su kore ta da ihu da harsashin fenti, su kama ta su sa mata alama a kunne, wani lokaci su ɗauke ta zuwa wani daji mai nisa. Da yawa sukan kamo hanya su dawo, wasu mota ta take su a hanyar dawowa. Wadda kuma ta kai ga yakushin mutum ko ta yaga tanti, kashe ta ake yi, don babu yadda za a cire mata abin da ta koya. Hukumar ta ce beyar ta daji kan yi shekara 12 zuwa 15, amma wadda ta saba da roƙo da cin shara rabin haka take samu. Idan uwa ce kuma, 'ya'yanta na biye da ita suna koyo.

Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya san yadda gwaggon biri ke fizge leda a hannun baƙo, har ya leƙa ɗaki. Sabo da abincin mutane ne ya kai su haka. To ku ƙiyasta irin wannan rashin kunyar a jikin dabba mai kilo ɗari da farata.

Ba sai ka miƙa da hannu ba. Ɓawon ayaba da ka yar ta taga, guntun burodi da yaro ya bari a kan tebur, ragowar shinkafa da aka zubar a gindin bishiya, duk ciyarwa ce, kuma doka ɗaya ce ta hau kansu.

Muna tafiya a ƙasa sai muka yi kiciɓis da ita. Me za mu yi?

Ku tsaya cak, ku tattara yara a tsakiya, ku dube ta. Idan tana ci gaba da kiwonta ba ta kula ku ba, ku ja da baya a hankali ku ba ta wuri, ko ku jira ta wuce. Idan ta daina ci, ko ta sauya hanya, ko ta kafe ku da ido, kun yi kusa ke nan. Wani lokaci takan yi huci, ta haɗa haƙora suna ƙara, ta mari ƙasa da hannu, har ta zaburo taku kaɗan ta tsaya. Abin da ban tsoro, amma wuri take nema. Ku ci gaba da ja da baya fuskarku na kallonta, kuna magana da murya a kwance. Tsayuwa kan ƙafa biyu kuwa yawanci so take ta gani ta shaƙi iska da kyau.

Mafi sauƙi shi ne kada a yi kiciɓis ɗin. Ku riƙa hira a hanya, musamman a kwana ko kusa da rafi inda ƙarar ruwa ke danne motsi. Hanyar zuwa magangarar ruwa ta Abrams, wadda ta tashi daga wajen tsakiyar zagayen titin, mil biyar ce zuwa da dawowa, kuma akwai wurare irin waɗannan da yawa a kanta.

Idan kuma ta biyo ni?

Nan magana ta sauya. Beyar da ke bin ka shiru, ba huci ba marin ƙasa, ta fi mai hayaniya haɗari. Fara sauya hanya ka gani. Idan ta ci gaba da bi, ka daina ja da baya, ka tsaya ka fuskance ta. Ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗaga hannuwa da sanda, ka buɗe babbar riga ko jaket don ka ƙara girma, ku daka mata tsawa iya ƙarfinku. Ku jefe ta da dutse ko itace, kada dai ku jefa abinci. Idan ya bayyana jakar abinci take so kuma ta riga ta iso jikinka, saki jakar ka ja da baya.

Kada ka gudu. Babu ɗan adam da zai tsere mata, kuma gudu na tayar mata da sha'awar bi. Kada ka hau bishiya, ta fi ka iyawa. Kada kuma ka kwanta kamar gawa. Wannan shawarar ta wata beyar ce daban, mai ruwan ƙasa da ake kira girizili, wadda ke can yamma a wurare irin su Yellowstone da Alaska, babu ita a Tenesi. Idan baƙar beyar ta kai maka hari ba don abincin hannunka ba, ka yi faɗa da duk abin da ka samu, dutse, sanda, gora, ka nufi hanci da ido.

Tana kashe mutane kuwa?

Takan kashe, amma da wuya ƙwarai. Stephen Herrero na Jami'ar Calgary a Kanada da abokan aikinsa sun bi diddigin abin daga 1900 zuwa 2009, suka fitar da sakamako a 2011: mutum 63 ne baƙar beyar ta daji ta kashe a Amurka da Kanada cikin waɗannan shekaru 110. A kashi 88 cikin 100 na hare-haren dabbar farautar mutumin ta yi, kuma kusan dukkan dabbobin nan maza ne masu yawo su kaɗai. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su kuma su kaɗai ne ko su biyu.

A cikin wannan gandun, a watan Mayu na 2000 beyar ta kashe wata mata kusa da sansanin Elkmont. A 2020 aka tsinci gawar wani mutum a yankin Hazel Creek, bincike ya nuna beyar ce ta kashe shi. A watan Yuni na 2022 wani namijin beyar mai kusan kilo 160 ya yaga tanti da asuba a sansanin Elkmont ya yakushi uwa da 'yarta mai shekara uku. An kama shi an kashe, kuma jami'ai sun ce girmansa da halinsa sun nuna ya daɗe yana samun abincin mutane. Idan aka auna da miliyoyin da ke shiga kowace shekara, haɗarin mota a kan tsaunin da santsin duwatsu a bakin ruwa sun fi beyar cin rai. Ba na so ku je da fargaba, so nake ku je da kiyayewa.

Uwa mai 'ya'ya fa? Kuma idan na ga ɗan shi kaɗai?

Ana haihuwarsu a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, uwar na cikin barcin sanyi, kowanne bai kai kwatan kilo ba. Sukan zo daga ɗaya zuwa huɗu, su fito duniya a Maris ko Afrilu, su zauna da uwa kusan wata 18. Idan uwar ta ji motsi, abin da ta fi yi shi ne ta kora su saman bishiya, ita kuma ta tsaya a ƙasa ko ta ɗan ja gefe. Matsalar ita ce mutane sukan taru a gindin bishiyar da wayoyi, 'ya'yan su kasa saukowa, uwar ta kasa dawowa, a kwashe sa'o'i ba su sha nono ba. Na ga haka fiye da sau ɗaya kuma abin yana ci mini rai.

Ɗan beyar da ka gani shi kaɗai yawanci uwarsa na kusa. Kada ka taɓa, kada ka ɗauka. A Afrilun 2024 a birnin Asheville wasu mutane sun fizgo 'ya'yan beyar daga bishiya don ɗaukar hoto, ɗaya daga ciki ta rabu da uwarta ke nan, sai wurin reno aka kai ta. Idan ka ga alamar maraya ne ko ya ji rauni, ka gaya wa jami'i. A Townsend akwai wata cibiya, Appalachian Bear Rescue, da ke renon irin waɗannan ba tare da sun saba da mutum ba, sannan a mayar da su daji. Ba a shiga kallo.

Mun taho da kilishi da dambun nama da turare. Ina za mu ajiye?

Duk abin da ke da ƙanshi abinci ne a hancin beyar: kilishi, yaji, man shanu, dabino, alewa, man goge baki, sabulu, turaren wuta, humra, har kwalbar lemo da aka shanye. A rufe komai a but ɗin mota, a ɗaga gilasai har ƙarshe, a kulle ƙofofi da makulli. Beyar ɗin yankin Gatlinburg sun iya jan hannun ƙofar mota. A watan Yuni na 2022 a garin Sevierville wata ta buɗe motar da ba a kulle ba ta shiga, ƙofar ta rufe da ita, zafi ya kashe ta a ciki.

Ni kaina na taɓa yin sakaci. Mun kama hayar wani gidan katako a kan tudu, muka yi gashin nama da daddare, gajiya ta sa na bar murhun ban wanke ba, da kula ɗaya a baranda. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji ana jan abu a kan katako. Na ɗaga labule, ga ta nan, tsakanina da ita gilashi ne kawai. Ta danne kular da hannu ɗaya tana ɓanɓare murfin da haƙori, ina jin numfashinta, ga alamar roba a kunnenta, wato jami'ai sun taɓa kama ta. Na buga ƙofa na yi tsawa, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abin da take yi. Rashin tsoron nan shi ya fi tayar mini da hankali, don na san inda irin wannan ke ƙarewa, kuma na san da hannuna a ciki. Da safe ɗana ya ɗauko murfin yana ƙirga hujojin haƙori, ya ce, "Baba, za ta dawo?" Na ce za ta dawo, ko da mun tafi.

Don haka a gidan haya ku wanke murhu a daren, ku shigar da komai ciki, ku kulle ƙofofi da tagogin ƙasa. Shara kuma a zuba ta a kwandon ƙarfe mai sakata, a tabbatar sakatar ta kama. Idan ya cika kada a ajiye leda a gefensa, a koma da ita ɗaki.

Ina za mu ci abinci, ina za mu yi sallah?

Akwai wurin cin abinci mai tebura kusa da mashigar titin, ga kuma cibiyar baƙi a tsakiyar zagayen kusa da injin niƙa, da makewayi da ruwa. Mukan shimfiɗa darduma a gefe mu yi sallarmu. Abin da na koya shi ne kada a bar abinci a buɗe a tayar da sallah gaba ɗaya. Ko dai a mayar da komai mota kafin a kabbara, ko a yi kashi biyu, wasu su tsare tebur. Minti biyar sun isa. In an gama ci a tsince har ƙwayar shinkafa, ruwan wanke kwano ma kada a watsar a ciyawa.

Yara da karnuka fa?

Yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi, kada ya yi gaba shi kaɗai a hanyar daji, kuma kada a bar masa abinci a aljihu. Kare ba a yarda ya bi hanyoyin daji ba, sai biyu kawai, ta Gatlinburg da ta kogin Oconaluftee, kuma da igiya. Kare yakan tsokano beyar sannan ya rugo wurin mai shi da ita a bayansa.

In sayi feshin barkono?

Wanda zai zagaya a mota ya leƙa tsofaffin gidaje ba ya bukata. Wanda zai yi doguwar tafiya cikin daji, yana da kyau ya riƙe. An yarda da shi a gandun, muddin wanda aka yi musamman don beyar ne. A rataye shi a ƙugu inda hannu zai kai nan take, a kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Ba a shafa shi a jiki ko a tanti kamar maganin sauro, ƙanshin da ya kwanta yana iya janyo ta. Ba a kuma shiga jirgin sama da shi, ko a cikin akwati.

Za mu kwana a tanti. Akwai abin da ya bambanta?

A sansanin Cades Cove, inda mota ke kusa, abinci da kayan girki a mota suke kwana. A sansanonin cikin daji an kafa wayoyin ƙarfe masu ƙugiya da ake rataya jaka a ja ta sama, kuma dole ne a yi amfani da su. Kada a shiga tanti da ko alewa ɗaya, rigar da aka yi girki da ita ma a cire. Masu kwana a ragar lilo da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi su ƙara kula: a 2015 da kuma 2021 beyar ta ji wa matasa rauni suna barci a irin wannan raga. Hukumar kan rufe sansani ko hanya idan wata beyar ta matsa wa wurin, don haka a duba sanarwa kafin a tashi.

Da sanyi ba barci suke yi ba?

Suna yi, amma ba mai nauyi ba ne. Kafin su kwanta sukan ci kamar ba gobe, a Satumba da Oktoba kusan ba abin da suke yi sai ci. A da akwai wani itace mai suna cesnat da ya cika waɗannan tsaunuka yana ciyar da su, sai wata cuta da ta shigo daga Asiya ta ƙarar da shi a farkon rabin ƙarni na 20. Yanzu ƙwallon oak suka dogara da shi, kuma shekarar da bai yi 'ya'ya ba yunwa kan koro su cikin gari da kan manyan tituna. A wannan gandun da yawa sukan yi makwanci a kogon manyan bishiyoyi, can sama da ƙasa. Idan rana ta yi ɗumi a tsakiyar hunturu wata kan fito ta zagaya, saboda haka dokar abinci da shara ba ta da hutu ko a Janairu.

Wa zan gaya wa idan wani abu ya faru?

Idan an ji rauni, a kira lambar gaggawa ta 911. Sai dai a cikin kwarin da wuya waya ta samu sabis, don haka a nufi ofishin jami'an gandu da ke kusa da sansanin a mashigar titin, ko cibiyar baƙi, ko a tsayar da duk wani mai kakin hukumar ko ɗan sa-kai da aka gani a hanya. Ba sai an ji rauni ba. Beyar da ta tunkari mutane, ko ta samu abinci, ko ta taɓa mota ko tanti, a ba da labarinta a ranar, da wurin da lokacin da launin alamar kunnenta idan an gani. Wasu sukan yi shiru don kada a kashe ta, alhali idan labari ya isa da wuri jami'ai kan iya korar ta tun tsoron mutum bai gama fita daga ranta ba. A wajen gandun kuma, a garuruwa irin su Gatlinburg da Townsend, hukumar kula da namun daji ta jihar Tenesi ce ke da alhaki, kuma masu ba da hayar gidaje galibi sukan liƙa lambarta a jikin firiji ko bayan ƙofa.